Yajin da Ya Tafi Unguwar Italiyawa

Shekara goma sha tara ina tsaye gaban wuta a Bab Makka ina gasa tsire, wanda mutanen Jidda suke kira siriya, mu kuma can Gadarif ta Sudan muka taso muna ce masa agashe. Gashin hannuna ya ƙone ya sake fitowa ban san sau nawa ba. Amma ɗaga kai ka dubi allon shagon: sunan kafilina Abdulmohsen, Balaraben da ya tsaya mini a takarda, ne ɓaro-ɓaro. Abin bai taɓa damuna ba sai da ƙanena Nasir ya zo umra daga Toronto.

Nasir fa! Mutumin da ko albasa ya yanka sai ya haɗa da yatsa. Shekara takwas ke nan da ya tafi Kanada, ya samu aiki a wani gidan abinci a unguwar Italiyawa. Mako uku ya yi mana a gidanmu na unguwar Nuzla, bakinsa bai huta ba.

"Inna, dubi ikon Allah," in ji shi, yana tura wa mahaifiyarmu waya a fuska. "Titi guda sukutum nasu ne, har jikin fitilun hanya an rubuta sunansu. Kuma ba Toronto kaɗai ba. Amurka akwai, Ostireliya akwai, Ajantina akwai. Duk inda suka sauka sai sun kafa unguwa. Kowane shago sunan gidansu ne a ƙofa, hoton wanda ya gaji sana'ar a bango. Miyar tumatir ɗin nan tasu, tsohuwa mutum ɗaya take ba wa sirrinta cikin 'ya'yanta."

"Mutum ɗaya?" in ji Inna Rahma, ta gyara zama.

"Ɗaya tak."

Na ce, "To madalla da Italiyawa. Mu da kakanninmu suka taka da ƙafa daga ƙasar Hausa har bakin Maliya, wa ya rubuta mu a jikin fitila?"

Ba wanda ya kula ni. Inna hoton wata tsohuwa mai farin gashi take kallo, kamar ta ga 'yar uwarta.

Kowa a Bab Makka ya san ba nama ne ke kawo layi shagonmu ba, yaji ne. Inna ke haɗa shi duk Talata a ɗakinta, ƙofa a rufe. Na san akwai ƙuli-ƙuli, da citta, da kanumfari, da masoro, da kimba, amma awon ban taɓa gani ba. In ta gama sai ta fito ta zuba mini kaɗan a tafin hannu ta ce, "Usuman, ɗanɗana." In ce citta ta yi kaɗan, ko in ce ya yi. Ta koma ciki. Ni a wurina son yabo ne irin na tsofaffi.

Sai ga Nasir da sabon labari. Wai duk shekara Italiyawan suna rufe titinsu su yi biki, kuma maigidansa ya ba shi tebur a ƙofar shago ya gasa abincin garinsu. Bikin Asabar ce bayan ya koma. Yaji yake so.

Ran Talata Inna ta leƙo ta ce, "Nasir, yalla, shigo." Ta mayar da ƙofa.

Ni ina tsakar gida da takalmi ɗaya a ƙafa. Ina jin turmi, ina jin dariyarsu. Shekara goma sha tara ban tsallake wannan ƙofa ran Talata ba, ga mai wanke wa Italiyawa faranti ya shige a mako na uku. Kishi na ji, wallahi, ba zan yi masa wani suna ba.

Da suka fito, Nasir na ta danna waya yana rubuta awo. Ya lashi yajin ya ce, "Tamam!" Ina ya sani? Cuku ya riga ya kashe masa harshe. Inna ta kamo hannuna ta zuba mini.

"Usuman, ɗanɗana."

Ina sawa a baki kanumfari ya buge ni. Ya yi yawa, ba kaɗan ba, har harshe ke mutuwa, ga ɗacin kimba na biye da shi. Ƙuli-ƙuli mudu ɗaya da ya gyara shi tsaf. Na dubi Nasir da wayarsa. A raina na ce, tunda kai ne magaji, je ka gada.

"Ya yi, Inna."

"Ka tabbata?"

"Halas, ba sauran gyara. Ban taɓa jin mai kyansa ba."

Ta yi murmushi, suka ɗure shi a robobi. Ni da kaina na ɗauki jakar har filin jirgi, ina yi masa addu'ar sauka lafiya. A shago kuwa sauran na makon jiya na ci gaba da barbaɗawa.

Wata Talatar ta zagayo. Inna ta daɗe a ɗaki, turmin na tafiya a hankali. Ta fito ta zuba mini, na ce gishiri ya yi yawa.

Ta zauna a bakin gado ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Ba don kai ba ai da tuni an watse mana."

"Kamar yaya?"

"Tun ciwon korona harshena ya tafi, Usuman. Da zuma da maɗaci duk ɗaya ne a bakina, ƙamshi ma ba na ji. Zubawa kawai nake yi, kai kake gyarawa. Kana tsammanin yabo nake nema?"

Na ce, "To Nasir fa? Me kika koya masa?"

"Daka ya taya ni, kafaɗata ta gaji. Awon da ya rubuta ai shirme ne, kowane buhun citta da ƙarfinsa. Na gaya masa yajin nan ya bar hannuna, yana bakin yayansa." Ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro wayarta. "Ga shi ma, tun shekaranjiya ya turo, ya ce in nuna maka. Na kasa buɗewa."

Na buɗe. Titi ne cike da mutane, tutoci kore da fari da ja a sama. Ga teburin Nasir, ga hayaƙi. A bayansa an rataye wani ƙaton kyalle da hotona, ina riƙe da tsinken nama, ban ma san yaushe ya ɗauka ba. A ƙasa an rubuta da boko da Larabci: Usuman, Bab Makka, Jidda.

Sunana ne a kan allo, karo na farko a duniya.

Akwai saƙon murya a ƙasan hoton. Na danna.

"Yaya, ka ga na yi maka irin nasu, ko? Mutane sun zo sosai da farko. Daga baya dai layin ya ragu, ina jin ba su saba ba ne. Tsohuwar maigidana ma ta fito, wadda kika gani a hoto, Inna. Ta ci, ta daɗe tana kallon hotonka, ta tambaye ni shekara nawa kana wannan sana'a. Na ce goma sha tara. Ita dai ruwa ta nema."

Inna ta tafa hannu tana dariya har da hawaye.

"Ka ji ko? Ruwa ta nema! Yo ai yajin Usuman sai da ruwa. Sake kunna mini in ji."

Na sake kunna mata.