Ɗorin Wayar Labbo

A shekarun yaƙin duniya na biyu, da ake kira yaƙin Bama, duk wanda ya karye tsakanin Jega da Maiyama, Aliero ake kai shi, wurin Maiwada mai ɗori. Hannunsa na da albarka, wannan ba gardama. Illarsa ɗaya: bai iya cewa "ban sani ba".

A Jega kuwa akwai wani falke, Labbo, wanda ya zo da akwatin rediyo daga Ikko. Ya kafa dogon gora a ƙofar gida, ya ja wata baƙar waya mai kaurin yatsa daga ƙarfen da ke kan goran zuwa akwatin. Ran kasuwa zaurensa cika yake yi, Labbo na saurare yana fassara wa mutane labarin soja.

Wata ran kasuwa raƙumi ya gitta da kaya, ya tsinke wayar. Akwati ya koma shuu, babu magana. Labbo ya ce sai a aika Birnin Kebbi a nemo wanda ya san aikin. Cikin taron akwai wata tsohuwa, Gudiya, wadda ta tako a ƙasa tun daga Maiyama, don ta ji labari, saboda ɗanta Surajo na cikin sojan da aka kai ƙasar Bama. Da ta ji batun aike sai ta zauna daɓas a ƙasa.

Maiwada na nan, ya zo sayen gishiri. Ya ɗaga wayar ya duba bakin da ya tsinke: baƙar fata a waje, saƙar jan ƙarfe a ƙarƙashi, wani farin abu kamar kitse, sai tsinke guda a tsakiya.

"Wanga ai ƙahwa ta," in ji shi. "Ga hwata, ga jijiya, ga ƙashi. Mi za a tahi nema Birnin Kabi?"

Labbo ya ce, "Baba, an ce mani na ciki da na waje ba su son taɓa juna."

"Ina ka taɓa ganin ƙashin da nama bai riƙe ba?"

Aka yi dariya. Maiwada ya fere wayar, ya murɗe tsinken da saƙar wuri guda tamau, ya shafa man shanu, ya jera karan dawa, ya ɗaure, ya yi tofi. Ɗori dai ya yi kyau. Aka kunna, har shuu ɗin ma ya ragu. Ya kwance, ya yanke, ya sake. Ya kuma yankewa. Kafin la'asar waya ta gajarce, da ƙyar take kaiwa akwatin.

Gumi ya jiƙa masa riga. Ya san ya ɓata abin mutane, kuma idanu duk suna kansa. Maimakon ya faɗi gaskiya, sai bakinsa ya ɗauko abin da ya saba gaya wa majinyata.

"Ɗori ba ya kamawa rana guda. A bar shi ya huta, kar a taɓa."

Labbo ya kalle shi, ya kau da kai. Gudiya kuwa fuskarta ta washe.

"Gaskiya na, Malam. Kai kaɗ ɗora Surajo sa'ad da yah hwaɗo daga ɗorawa, yana ƙarami. Haka kac ce, kuma ya tashi. Sai in jira."

Kunya ta kama Maiwada. Ya tafi ko gishirin bai saya ba.

Kasuwa ta zagayo, ya dawo da niyyar ya sa Labbo ya yi aiken nan. Daga nesa ya hango Gudiya zaune gindin gora, ƙafafunta har yanzu a kumbure da tafiya, tana kore awaki kada su taɓa karan ɗorin. Ya so ya ratse ta bayan rumfuna, amma ta riga ta gan shi. Ta miƙe da murna.

"Malam, ko ƙuda ban bari ya sauka ba. Yau za a kwance?"