Bulunbotin Sajan Gaskins

Saura kwana tara a duba gwiwata karo na uku Sajan Gaskins ya bugo mini waya. Shekara goma sha tara rabon da in ji muryarsa, amma yana cewa "Boatwright" na ji bayana ya miƙe da kansa a kan kujera. Abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

A Iraƙi na samo ciwon nan, ina aikin soja. Motarmu ce ta kife cikin wani kwazazzabo, ƙafata ta hagu ta maƙale a ƙarƙashin kujera, Gaskins yana zaune a gaba. To a rukuninmu ba a zuwa wurin likita. Ba doka ce ta hana ba, Gaskins ne. Yana da wani bulunbotin jarirai da ya ɗaura wa igiya, duk wanda ya ce zai ga likita sai ya rataya shi a wuya ya wuni da shi, ana yi masa kukan jariri duk inda ya gitta. Na rataya shi daga safe zuwa tsakar rana, na cire, na ce na warke. Ina da shekara ashirin da biyu a lokacin, kunya ta fi ciwo yi mini zafi.

Shi ya sa fayil ɗina na soja fes yake, ko ciwon kai babu a ciki. Sau biyu hukumar tsofaffin sojoji tana mayar mini da takarduna, wai babu shaidar cewa a bakin aiki na ji raunin. Wannan karon in aka sake korata, ba ni da sauran ƙarfin wani zagayen, ga aikin hawa tsani da nake yi ya gagare ni tun bara.

Matata Lenora ta ɗauki shirin da zafi. Kullum bayan karin kumallo sai ta zaunar da ni a kicin, ta riƙe ludayi, ta zama likita.

"Malam Boatwright, yaya gwiwar?"

"Da sauƙi."

Sai ta doka ludayin a tebur. "Da sauƙin me? Jiya wa ya sauko daga bene da mazaunansa? Wancan karon ka yi aski, ka goge riga, aka ce lanƙwasa ƙafa ka lanƙwasa har ƙarshe kana cizon haƙora, kamar mai neman a ƙara masa igiya. Cedric, inda ciwo ya fara nan za ka tsaya. Ba fareti za ka je ba."

Gaskiyarta ce. Mu da aka koya wa haɗiye ciwo, sai an sake koya mana faɗinsa. Amma duk bitar da za mu yi ba za ta cika fayil ba. Takardar shaida nake bukata daga wanda yake wurin, ana cikin haka mutumin ya kawo kansa.

"Boatwright, bayana ne," in ji shi a waya. "Tun ranar da motar nan ta kife. Sun ce ba su ga komai a fayil ɗina ba. Ina so ka rubuta mini shaida."

Na yi dariyar da har Lenora ta leƙo daga ɗaki.

"Ashe, Sajan? Ba ka je wurin likita ba? Wa ya hana ka?"

Sai na gindaya masa sharaɗi. Ya zo zauren tsofaffin sojoji ranar Juma'a da rana, ranar da muke suyar tarwaɗa, ya rubuta mini tawa shaidar da hannunsa, ya karanta ta a gaban jama'a. Daga nan zan ba shi tasa.

Ya zo. Ni da nake tuna wani ƙato mai wuya kamar turmi, sai ga tsoho yana tafiya a karkace, ya dafa ƙugu. Na nemi tausayi a raina na rasa. Mutum huɗu na tsohon rukuninmu suna nan garinmu Columbus, duk na kira su, uku daga cikinsu sun taɓa rataya bulunbotin nan.

Ya zauna ya rubuta layi uku, wai ya shaida na ji rauni a hatsarin mota. Na tura masa takardar.

"Bai cika ba. Me ya sa babu a fayil?"

"Boatwright, yanayin yaƙi ne..."

"Rubuta bulunboti, Sajan. Rubuta cewa kai ka saye shi, kai ka ɗaura masa igiya."

Ya rubuta. Ya miƙe da ƙyar ya karanta, zauren ya yi tsit har ana jin man suya yana tafasa. Da ya kai kan bulunbotin, wani daga bayan zaure ya yi kukan jariri a hankali. Ba a yi dariya ba, amma ni na ji daɗi har cikin ƙashina. Ya sa hannu, na ninke takardar na zura a aljihun gaba.

Sannan na miƙa masa tasa.

Ga abin da na rubuta. Washegarin hatsarin, da safe, na zaga bayan tankar ruwa ina ɗingishi, na tarar da Sajan Gaskins a durƙushe kan gwiwa da hannu, ya cusa hularsa a baki, hawaye yana zuba, ya kasa kai hannu ga igiyar takalminsa. Sati uku yana tura igiyar cikin takalmi ba ya ɗaurewa. Kuma a wannan safiyar ce ya rataya mini bulunboti. Ban taɓa gaya wa kowa ba, da farko don tsoro, daga baya don ina jiran ranar da zai yi amfani.

Ya karanta a ransa, fuskarsa ta canja.

"Ka gan ni?"

"Tsaf."

"Cire maganar kukan nan."

"Ko wasali ba na cirewa. Ita ce za ta ci maka shari'ar. In na rubuta yadda ka so mu gan ka, ka ɗauki kaya washegari kana ihu lafiyarka ƙalau, to ka faɗi ke nan. Zaɓi ɗaya, Sajan."

"Za ta shiga fayil fa. 'Yata ce take cike mini takardu, za ta karanta."

"Ai ta iya karatu."

Ya fita bai ci kifin ba. A mota Lenora ta ce na wuce gona da iri. Na ce ƙarya na rubuta? Ta ce a'a. Na ce to kunna mana rediyo.

Ranar Alhamis kaɗai likitar ƙashi take zuwa asibitin da aka tura mu, don haka na san zan ga Gaskins a can. Ban yi aski ba, na tafi da sandata, wadda a da nake ɓoyewa a bayan mota. Likitar ta ce yaya gwiwar, "da sauƙi" ta zo har bakina, na tuna ludayi na haɗiye ta. Na gaya mata maganar bene, da tsani, da yadda jikata take miƙo hannu in ɗauke ta daga ƙasa in kasa. Ta ɗora ma'auninta a gefen ƙafata ta ce in lanƙwasa. Ko rabi ban kai ba ciwon ya soke ni, na ce nan ne, na tsaya. Ban taɓa yin abu mai wuyar wannan tsayawar ba.

Ta karanta takardar Gaskins sau biyu, ta cire tabarau.

"Bulunboti? Na jarirai?"

"Mai hoton agwagwa."

Ta ce abin da fayil ɗin ya rasa ke nan tun farko, ta juya ta yi ta bugawa a na'ura, ta daɗe tana bugawa.

Da na fito yana zaune a ɗakin jira, kusa da ƙofa, wata mata mai kama da shi a tsaye a wurin rajista tana miƙa takardu. Na hango wadda na rubuta masa a sama, na gane ninkinta. Ashe ya kawo. Matar ta waigo ta dubi ubanta, irin duban da ake yi wa mara lafiya, shi kuma ya kafa ido a bango.

Na tsaya a gabansa na dogara da sanda.

"Sajan, layin ragwaye ka biyo yau?"

Aka kira sunansa, ya yunƙura zai tashi, sai muka ga igiyar takalminsa na dama a kwance a ƙasa. Ya dube ta. Ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a gwiwa. 'Yar tana can ta ba mu baya tana sa hannu. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Yi haƙuri, Sajan," na ce. "Shekara goma sha tara ke nan ba na iya durƙusawa."

Na wuce, Lenora tana jirana a bakin ƙofa. Har muka kai mota ina jin ana sake kiran sunansa.