Bindiga a Cikin Zannuwana

Ni dai tun farko ban yarda da zancen bindigar nan ba, kuma ban ɓoye wa Kalilu ba. Mijina ne, malamin lissafi a wata kwaleji da ke bakin daji a can gida, mutumin da ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya leƙa ya kira maƙwabci. Wai shi ne yanzu yake shiga aji da ƙaramar bindiga ƙirar maƙera a ƙarƙashin riga.

Ni kuwa ina Kuala Lumpur, can saman wani dogon bene a unguwar Setapak, ina fama da karatun digiri na uku. Korona ta sa an rufe gari ruf. Makaranta ta koma cikin kwamfuta, zancen jirgin gida ya zama sai addu'a, titin da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda babura ya koma ba abin da ke ratsa shi sai jiniyar motar asibiti. A benen da ke kallonmu wasu sun rataye farin ƙyalle a taga, alamar abinci ya ƙare musu. Na baro 'yata Zuhra tana koyon haɗa magana, ga shi har ta fara fidda haƙoran gaba ban dawo ba. Ƙanwar Kalilu, Lailatu, ita ke riƙe da ita a gidanmu na cikin kwalejin.

Abin da ya jawo bindigar, 'yan bindiga ne suka shiga wata makaranta da ba ta da nisa da tasu, suka kora ɗalibai daji. Tun daga ranar malaman kwalejin suka rabu biyu. Wasu suka ce a bar kowa ya riƙe makaminsa a ɓoye, a aji da ofis da gida. Wasu suka ce makaranta ba bariki ba ce. Kalilu bai jira an yanke hukunci ba, ya je ya samo tasa.

"Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa," in ji shi.

Na ce, "Ruwa aka ce, Baban Zuhra, ba fetur ba. Yaron da ka kayar a jarrabawa ya zo ofis yana maka rashin kunya, ga zuciya ga ƙarfe a ƙugu, me kake jin zai faru?"

"Ke kina ƙasar da ake barci da taga a buɗe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Maganar ta yi mini ciwo, don da gaskiyarsa a ciki. Ban taɓa kwana ina sauraron ƙarar babur daga daji ba. Amma ciwon bai sa na yarda ba, sai ma ya ƙara mini haushi.

Ran wata Asabar bayan la'asar, Hasanatu, wadda muke zaune gida ɗaya, ta dawo daga shagon abincin Indiyawa da ake kira mamak, da ke ƙasan benenmu, da shinkafar da ta yo mana tapau, wato a ƙunshe, tunda an hana zama a ci a can. Tana cire takunkumi tana mita, Kalilu ya kira ni ta bidiyo. A wajensu safiya ce. Na gan shi tsaf cikin farar shadda, yana tafiya a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya na hanyar babban ɗakin taro.

"Yau za a kaɗa ƙuri'a a kan zancen makaman," ya ce. "Ki yi mana addu'a mu yi rinjaye."

"Addu'ar da zan yi daban. Tana jikinka yanzu?"

Ya yi dariya. "Ai shugaban kwaleji ya ce sai an caje kowa a ƙofa, har waya za a karɓe. Na bar ta a gida."

"A ina a gida?"

"Ke dai kwantar da hankalinki. Inda ba mai shiga. Ɗakinki, cikin durowar zannuwanki, can ƙasa. Da dare ma nan nake ajiye ta. Tun da kika tafi wa ke buɗe wurin?"

Na buɗe baki, sai na ji wani yana ce masa, "Malam, wayarka." Ya ce mini sai an fito, ya kashe.

Wa ke buɗe wurin? Wannan tambayar namiji ce. Shi yana fita tun safe, bai san abin da gidansa ke ciki ba. Ni da ke wata duniya na sani, don Zuhra ta faɗa mini a matsayin sirrinmu: duk ranar da kewata ta dame ta, takan shiga ɗakina ta jawo durowar, ta cusa fuska cikin zannuwana, wai har yanzu suna ƙamshin turaren wutana. Na yi kuka ranar da ta faɗa mini, kuma ban gaya wa kowa ba don ta ce kar in faɗa.

Na sake kiran Kalilu. A kashe. Hasanatu ta dube ni ta ajiye cokali.

"Ummukulthum, lafiya? Kin ga fuskarki kuwa?"

Na faɗa mata a taƙaice, ina neman lambar Lailatu. Ta yi ta ringi har ta katse. Na sake. A karo na gaba aka ɗauka, hoton ya buɗe a kan silin, sannan ya juyo kan goshi da idanu biyu.

"Mami!"

"Zuhra, 'yar albarka. Ina Anti Laila?"

"Ta tafi ɗebo ruwa a famfon masallaci. Ta bar mini wayar in kalli katun."

Famfon masallaci yana can ƙarshen rukunin gidajen, kuma ran Asabar layi ne har bakin titi. Na yi wa Hasanatu nuni da hannu, na tura mata lambar matar maƙwabcinmu. Ta shige kicin tana kira.

"Mami, tsaya in jingine ki."

Hoton ya yi ta juyi, sannan ya tsaya. Ta jingine wayar a jikin kwalaben turare da ke gaban madubina. Na ga gadona, na ga labulen da na ɗinka da hannuna, na ga durowa a buɗe. Zuhra ta koma ta zauna a ƙasa ta tanƙwashe ƙafa, ta ɗora wata koriyar atamfata a cinya. Atamfar ba ta kwanta yadda zane ke kwanciya ba.

"Me ke cikin zanen, Zuhra?"

Layin yana da jinkiri. Sai na yi magana na gama, in ga fuskarta tana jira, sannan maganar ta isa. A cikin wannan ɗan jinkirin ta riga ta buɗe gefen zanen.

"Abar Baba ce. Nauyi gare ta, Mami. Kullum ina mayar da ita yadda na gan ta, bai taɓa ganewa ba."

Kullum. Na san mijina, ya sha faɗa mini bindigar da ba harsashi sanda ce. Ihu ya taso mini, na haɗiye shi. Zuhra yarinya ce mai firgita, in aka daka mata tsawa duk abin da ke hannunta damƙe shi take yi.

"Kin ga nan wajen yana motsi," ta ce, ta kai ɗan yatsa.

"Zuhra! Kin yi wa Mami addu'a yau?"

Jinkirin nan ya zo. Na kalli yatsan. Sannan ta ɗago kai.

"A'a."

"To ɗaga hannu mu yi. Duka biyun, sama sosai, yadda Malama ta koya muku. Duk abin da na ce ki ce amin. Ba a sauke hannu sai an shafa, kin sani ai."

Ta ɗaga. Tafukan nan biyu ƙanana, da sauran jan lalle a farce. Abin yana kwance a cinyarta, bakinsa yana kallon cikinta.

Na fara. Allah ya ba Zuhra ilimi mai amfani. Amin. Allah ya kawo ƙarshen wannan cuta. Amin. Allah ya buɗe hanya Mami ta dawo. Ta ja wannan amin ɗin da ƙarfi har da murmushi. Na yi wa Babanta, na yi wa Anti Laila, na yi wa kakanninta na Kano da na ƙauye ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, masu rai da waɗanda suka riga mu.

Hasanatu ta leƙo daga kicin, ta rufe bakin wayarta da hannu. "Matar tana kasuwa, amma ta kira ɗanta, yana filin ƙwallo. Ta ce yanzu zai ruga. Ki ci gaba, kar ki tsaya."

Filin ƙwallon ma na san inda yake. Na ci gaba. Na yi wa malaman makarantarsu, na yi wa ɗaliban da ke daji, na yi wa masu farin ƙyalle a taga. Na yi wa kyanwar gidanmu. Zuhra ta yi dariya ta ce amin. Can a ɗakin taro, na san ana ta ɗaga hannu ana ƙirgawa, kuma wallahi a lokacin da na ga Kalilu a gabana ban san abin da zan yi masa ba.

"Mami, hannuna ya gaji."

"Saura kaɗan, uwata. Ɗaga sosai. Allah yana son mai haƙuri."

Gwiwar hannunta ta fara saukowa. Na ƙara sauri, ina haɗa addu'o'in da na sani da waɗanda nake ƙirƙira, murya na fita daidai kamar ba abin da ke faruwa, hawaye na zuba a kan teburin karatuna. Na kasa kunne ko zan ji ƙarar ƙofar gida ta cikin wayar. Ba komai sai kukan kurciya a bayan tagar ɗakina.

Sai hoton ya tsaya cak. Zuhra da baki a buɗe, hannaye sun sauko rabi, ɗan da'irar nan tana juyawa a kan fuskarta.

Hasanatu ta ce, "Layin ya tafi. Katse ki sake kira."

Ban katse ba. Wani lokaci hoto kan tsaya amma murya tana isa. Na matso da bakina jikin wayar, na ɗaga murya yadda ko maƙwabta za su ji.

"Ba mu shafa ba tukuna, Zuhra. Allah ya raya mana ke. Ce amin."