Irin Gyadata da Kwamfutar Kano

Sunana Hure, daga wani ƙauye a bayan Ajingi. Ban yi boko ba. 'Yata Zulfa ce take rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Gona ɗaya malam ya rasu ya bar mini, jigawa ce, gyada kaɗai take so. Sama da shekara talatin iri ɗaya nake shukawa a cikinta, wata 'yar ƙarama ja da na samu a hannun uwar mijina. Bara da kaka sai 'yan ƙungiyar manoman gyada suka zo da lasifika, suka ce kowa ya kawo tsohon irinsa, in damina ta faɗi za a ba shi sabo wanda ya fi shi. Hanne maƙwabciyata ta kai nata. Ni ma na auna tiya goma sha biyu na kai, ban rage ko ƙwaya ba. Suka ɗauke ni hoto, suka sa na dangwala yatsa a wani ɗan gilashi mai jar wuta, suka ba ni kati.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba, saura kwana kaɗan babbar salla. Washegari da sassafe ina layi a ƙofar siton ƙungiya a Ajingi. Inuwa mai sito yana zaune gaban kwamfuta, buhunan iri jibge a bayansa. Ka dangwala, na'ura ta fitar da 'yar takarda, a auna maka. Da aka zo kaina na dangwala, ta yi ƙara, ta ƙi.

"Iya, goge a zani," in ji Inuwa.

Na goge. Ta ƙi.

"Shafa a goshi, ta ɗan samu maiƙo."

Na shafa. Sai da muka bi yatsu goma. Wani a baya ya ce, "Saura na ƙafa, Iya." Na ce masa ya kawo na kakarsa mu gwada.

Duk rani ɓarar gyadar mutane nake yi, da ita nake cin abinci. Inuwa ya duba tafin hannuna ya ce zanen yatsun ya cinye.

"To ga katina, ga fuskata. Kai ka karɓi irina da hannunka, Inuwa. Ko ba kai ba ne?"

"Ni ne, Iya. Amma in buhu ya fita babu takarda, ni za a ce na sace."

Ba ni kaɗai ba ce. Mu bakwai ne, duk tsofaffin mata, har da Hanne.

Ranar Asabar aka turo mai gyara daga Gaya. Na zaci wani ƙato zan gani, sai ga mace ta sauko daga kan acaɓa da jaka a baya, za ta yi sa'ar Zulfa. Sunanta Juwairiyya, ita ce mai kula da kwamfutocin ƙungiyar na Gaya da Ajingi. Ta durƙusa ta gaishe mu, ba zan ɓoye wannan ba. Ta buɗe tata kwamfutar, ta ɗan tattaɓa, ta ce ta gaya wa na'urar ta riƙa karɓar kati da hoto a wurin wanda yatsansa ya ƙi.

Aka kira Hanne, takarda ta fito, aka auna mata. Aka kira wata, ta fito. Na tashi na miƙa katina, sai na'urar ta sake neman yatsa.

"Ikon Allah," in ji Juwairiyya. "Yanzu na canza fa."

Da farko ta ce ƙila wutar sola ce ta ɗauke ta dawo. Ta fita ta duba batir, lafiya lau. Ta dawo ta sake canzawa. Wannan karon Inuwa ya fara da wata makauniya da jikarta ta jawo, na bar mata don ta fi ni buƙata. Takardar na'ura ta ƙare, aka tsaya neman wata a durowa. Kafin a saka, abin ya sake komawa yadda yake.

Sai Juwairiyya ta daina taɓa komai. Ta zauna tana karanta wasu ƙananan rubutu fari a kan baƙi, tana bin su da yatsa, tana duba agogo. Can ta dafe kai.

"Ke 'yar nan, yi mini magana. Wa yake mayar da shi?"

"Iya, ba mutum ba ne. Akwai babbar kwamfuta a Kano, saba muke ce mata. A cikinta aka rubuta yadda kowace kwamfutar ƙungiya za ta kasance. Duk rabin awa takan leƙo ta duba. In ta ga an canza wani abu da hannu, sai ta mayar da shi yadda aka rubuta."

"Ta taɓa ɓarar gyada?"

"A'a, Iya."

"To ki tsinke wayar da take leƙowa ta ciki."

"In na raba su, sunayenku ba za su zo ba. A can suke."

Na ce to ta canza sau ɗaya tak, ni ce a gaba, ga katina a hannu, rabin awa ya ishe ni. Ta ce ba ta so, amma na matsa mata, na ɗaga murya, mutane suka taya ni. Ta canza. Inuwa ya karɓi katina. Kafin ya danna, allon ya yi ja gaba ɗaya.

Ashe wani ya rubuta a can Kano cewa duk kwamfutar da aka taɓa da hannu sau uku a yini ɗaya, a ɗauka ɓarawo ne, a kulle ta. Juwairiyya ba ta san da wannan ba, kafin a ɗauke ta aiki aka rubuta shi. Mutum sama da arba'in ne a layi, masu lafiyayyun yatsu, duk aka tsaya. Wani dattijo ya nuna ni da sanda ya ce, "Kin ga abin da bakinki ya jawo mana?" Kwana uku sito yana rufe, kuma duk ƙauyenmu an san saboda Hure ne.

Bayan salla na shiga mota na tafi Gaya, na sami Juwairiyya a ofishinsu kusa da kasuwa. Na ce ga kwamfutarku ta nan, lafiyarta ƙalau, ki yi mini a nan.

"Iya, ki yi haƙuri. In na taɓa ta, ita ma za a iya kulle ta, mutanen garin Kademi suna layi a waje."

"To ki je Kano ki goge rubutun."

"Ba sai na je ba, daga nan na rubuta gyaran, na tura tun ranar nan. Layi ɗaya ne na rubutu. Amma sai mutum na biyu ya duba ya amince kafin ya shiga. An yi haka ne don kada mutum ɗaya ya ɓata wa kowa."

"Wane ne na biyun?"

"Malam Muhyiddeen."

"Kira shi."

"Yana Makka, Iya. Na kira, layinsa na nan a kashe yake. Na tura saƙo bai gani ba."

"Ba shi da na ƙasa da shi?"

"Ya bar aiki tun azumi. Ba a sa kowa a gurbinsa ba."

Na zauna a kan bencinsu. Ta kawo mini ruwan leda, na ƙi sha. Na ce to ku ba ni irina na da, tiya goma sha biyu, 'yar ja, na yafe sabon. Shugaban ofishin ya fito yana gyara hula, ya ce tun da sanyi aka kai tsohon iri inji aka matse mai.

Sau huɗu na koma Gaya. Duk zuwa Juwairiyya takan juyo mini da allo ta nuna mini layin nata yana nan yana jira, kamar zan iya karantawa. Na nemi aron iri a ƙauye, kowa ya shuka nasa. Hanne ta ba ni ragowar nata, bai cika gwangwanin madara biyu ba. Na kasuwa kuwa ya fi ƙarfina. Kullum in na fita sai in ga gyadar Hanne ta rufe kunya, tawa gonar sai ciyawa.

Malam Muhyiddeen a jirgin ƙarshe ya dawo. Ranar da ya shiga ofis, Juwairiyya da kanta ta zo har gida a kan acaɓa. Ta ce ya duba ya danna, bai kai minti ɗaya ba. Ba ta iya kallon idona ba lokacin da take faɗa. Kwana talatin da ɗaya ke nan da ruwan shuka.

Takarda ta fito sumul, Inuwa ya auna mini. Ya ce, "Iya, kin ga ai an gyara." Na ce masa ya rufe mini baki.

Zulfa ta ce in ajiye sai baɗi, lokaci ya wuce. Na ce in na ajiye me za mu ci? Na shuka. Ta fito da kyau, ta yi ganye, ta yi fure, har na fara sa rai. Sai ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa. Da muka tuge, kwanso ne reras a jikin saiwa, ka matsa ka ji iska. Duk gonar ban haɗa tiya biyar ta ƙwaya ba, ita ma a yamutse, ba ta iri ba ce.

Na koma Gaya na ce a nuna mini wanda zan kai ƙara. Shugaban ya ce Inuwa ya bi doka. Juwairiyya ta yi iya yinta, ni ma shaida ce. Malam Muhyiddeen Allah ne ya kira shi ɗakinsa. Wanda ya rubuta dokar kullewa kuwa ba ma ya ƙasar. Na ce to kwamfutar fa? Suka yi dariya, ni ban yi ba.

Abin da nake nema guda ne. Wani daga cikin masu iko da waccan ta Kano ya zo ya tsaya a gonata, in sa masa kwanso a hannu ya matsa, sannan a nemo mini 'yar jar gyadata ko tiya ɗaya ce. Na tambaya a ƙauyuka uku, duk wanda yake da ita ya kai wa ƙungiya a ranar da na kai tawa.

Jiya suka sake zuwa da lasifika, wai a kawo iri don musayar baɗi. Juwairiyya tana cikinsu. Ta ratse ta shigo ta gaishe ni, ta ce yanzu katina yana aiki a ko'ina, ba sai da yatsa ba. Na ɗauko mata kwanon da na zuba abin da na samu. Ta sa hannu ta ɗebo, ta duba, ta mayar a hankali.