Taubashi a Gidan Yari

Duk Kekun Waje an san idan Tajuddeen da Mas'udu suka haɗu, mai hankali gefe yake matsawa ya nemi wurin zama, don kallo ya samu. Taubasai ne, uban Tajuddeen da uwar Mas'udu ciki ɗaya suka fito. Tun suna yawo ba wando kowannensu ke rantsuwa ɗayan bawansa ne, har gemu ya fito musu ba wanda ya sallama. Mas'udu a 'Yandoto yake zaune, can ƙasar Tsafe inda aka kai uwarsa aure, amma nisa bai taɓa hana shi tasowa neman tsokana ba.

To, a watan cika-ciki, lokacin da wasan taubasai ke tashi gadan-gadan, Tajuddeen ya je cin kasuwar Bungudu. Ya sayi fetur a ɗan galan saboda injin markaɗen matarsa Wasila, ya ɗaure a bayan mashin, ya jingine mashin ɗin ya shiga rumfar masu taki. Da ya fito sai ya tarar da wuri wayam. Shi kuwa mutum ne mai saurin hawa, irin waɗanda ƙafarsu ke riga tunaninsu isa wuri. Kafin wani ya ce masa tsaya, har ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ya faɗi lamba, ya faɗi launi, ya ƙara da cewa in an kama ɓarawon kada a raga masa.

Ɓarawon kuwa yana can bisa hanya yana waƙa. Mas'udu ya daɗe da sanin cewa mashin ɗin nan ko da mabuɗin kwaɗo tashi yake. Niyyarsa ya isa gida, ya sha ruwa, sannan ya kira Tajuddeen ya ce ya zo da zakara ya fanshi kayansa. Bai isa ba. A wani shinge tsakanin Gusau da Tsafe jami'an tsaro suka tsayar da shi: mashin ba takarda, an riga an yi cigiyarsa, ga kuma galan ɗin mai a baya. A ƙasar nan da 'yan bindiga suka hana kowa sakat, wanda aka gani da mashin ɗin sata da fetur ya nufi gefen daji, bayani ba ya fitar da shi. Mas'udu ya ce wasa ne. Suka ce ya zo ya ƙarasa wasan a ciki.

Da labari ya iso, Tajuddeen ya fara da dariya har da riƙe ciki, ya ce a bar ja'iri ya kwana biyu ya ɗanɗana. Bayan kwana biyun ya je ya ce ya yafe. Aka ce ai magana ta wuce wurin. Ya bi ta kotu, aka ce wannan kotun ba ta da hurumin irin wannan tuhuma, an tura mutum gidan yari sai lauyoyin gwamnati sun ba da shawara. Ya ce mashin nasa ne, ɓarawon ma nasa ne, ya janye. Wani magatakarda ya dube shi ta saman tabarau ya ce masa yanzu ƙara ta gwamnati ce, shi shaida ne kawai. Nan dariya ta ƙare, ido ya raina fata.

Sau ɗaya ya iya zuwa ziyara. Da ya hango Mas'udu ta bayan waya, kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa, daga ranar sai dai ya ba da saƙon gari da ƙuli-ƙuli a kai. Aka yi girbi, rani ya shiga, aka yi azumi aka sha ruwa, shawara ba ta fito ba.

Ana cikin haka Gwaggo Hussaina, uwar Mas'udu, ta ɗauro ƙullin kayanta daga 'Yandoto ta sauka gidan Tajuddeen. Da zagi ta zo da shi, da ya ji sauƙi. Ina! Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai inda ba ya iya shiga ko fita sai ya wuce ta gabanta.

“Ni ban ce ka yi laihi ba, Taju,” in ji ta. “Nan dai zan zamna har ka maido man ɗana.”

Da safe in ya durƙusa gaisuwa sai ta amsa da fara'a, ta ce, “Ka tashi lahiya? Madalla. Shi ko wancan, ko bisa mi yak kwana, oho.” In an kawo tuwo ta ci ta suɗe hannu, ta yaba miya, sannan ta dubi sama ta ce, “Ko mi anka ba Mas'udu yau?” Tajuddeen ya rame, wandonsa ya fara neman mazagi sabo. Gwaggo kuwa har kumatu ta yi.

Wasila ce ta samo bakin zaren, a wurin matan da ke kawo markaɗe. Wata daga Rawayya ta ce mijinta, da aka rufe kan buhun albasa, ya dawo gida. Wai akwai wata lauyar gwamnati a Gusau da ke bin waɗanda suka daɗe a tsare ba shari'a, tana tace su ɗaya bayan ɗaya. Abokan aikinta har sun sa mata suna Barista Buɗe-ƙofa, ba don yabo ba.

Tajuddeen bai yarda ba. A saninsa lauyan gwamnati da wanda ake tuhuma kamar mahauci ne da akuya. Amma da ya ɗaga ido ya ga Gwaggo tana gyara zama a tabarmarta, sai ya ce a goge masa babbar riga.

Sunanta na gaskiya Rut Bitrus. A Sabon Garin Gusau aka haife ta, ubanta malamin makaranta ne da ya zo daga kudancin Kaduna, kuma in tana magana ka rufe ido sai ka rantse a Kanwuri, cikin tsohon gari, aka yanke mata cibi. 'Yar siririya ce, takardu sun kusa binne ta a bayan tebur. Ta saurari sunan, ta lalubo takardun Mas'udu, ta ce ta riga ta je ta gan shi, yanzu bakin mai ƙara take so ta ji.

Tun a mota Tajuddeen ya shirya jawabinsa. A ganinsa, in kana son hukuma ta saki mutum sai ka wanke shi tas. Ya gyara murya.

“Ranki ya daɗe, Mas'udu mutumen kirki na. Ko allura yat tsinta sai ya yi cigiya. Ba shi da faɗa, ba shi da wargi, daga masallaci sai gona. Ni da shi girmama juna mukai, ban taɓa jin kalma maras daɗi daga bakinai ba.”

Barista ta ajiye biro ta dube shi.

“To, Malam Tajuddeen, wanga waliyyin mi yak kai shi bisa mashin naka? Shi ya ce man wasa na. Kai ka ce ba shi da wargi. In babu wasa tsakaninku, ka ga sata ta tabbata ke nan.”

Gumi ya karyo wa Tajuddeen. Ya ga ya zo gyaran gira zai tsone ido. Ya dubi ƙofa, ya dubi Barista, sai kawai ya ture hula baya.

“Wallahi ƙarya nikai! Ja'iri na, tantiri, bawana na tun kakanni! Ranar aurena shi yaɓ ɓoye man takalma, da ƙahwa tsirara nik karɓi gaisuwar surukai. Ranar Salla ya sa ma jaki hulata ya zagaya gari yana cewa a gaida Alhaji Taju!”

“Kai kuma kana kallo?”

“Wa? Ni? Ni da nis sa anka yi shela 'Yandoto cewa Mas'udu na walima, gari dut yat taru ƙohwar gidanai da kwanoni, shi ko ko ruwan zahi bai ɗora ba!”

Barista Rut ta yi dariya har ta share ido da bakin gyale. Ta ce ita ma tana da irinsu, ɗan ƙanwar babanta Jonathan, wanda har yau bai maido mata akuyar da ya kore ranar Kirsimeti ba. Tajuddeen ya ji sanyi a ransa, har ya fara tattara riga zai yi godiya. Sai ta ɗaga hannu.

“Dakata. Mashin na gane. Saura galan. Dariya ba shaida ba ce, kuma ka san mutane nawa anka kashe da man da aka kai ma mutanen daji. Sai na ga injin markaɗen nan da idona, na ji bakin maƙwabta.” Ta dafa tulin takardun da ke gabanta. “Gidan yarin can ya cika har kwana bi da bi akai, kuma mafi yawansu alƙali bai taɓa ce musu kun yi ko ba ku yi ba. Ɓarawon albasa ya shiga ya kwana gehen ɗan hwashi, ya hito da sana'a. Shi ya sa nika buɗe ƙohwa. Amma ba da ido ruhe ba.”

Ranar da ta zo Kekun Waje, unguwa ta cika kamar ana suna. Ta zo da wani abokin aikinta, Barista Idris, wanda tun daga mota fuskarsa ke nuna jan shi aka yi. Wasila ta ja igiyar inji ya tashi da ƙara, ta nuna inda ake zuba mai, maƙwabta suka yi ta rige-rigen shaida cewa duk ranar kasuwa da wannan galan Tajuddeen ke dawowa. Mai unguwa ya ce in dai wasan waɗannan biyun ne, shi kansa ya gaji da raba su. Gwaggo Hussaina kuwa, da aka zo kanta, sai ta juya tambayar. Ta kama hannun Barista ta ce, “Ɗiyar nan, gwamnati ba ta ba ku abinci? Zamna ki sha hura tukuna.” Sai da kwarya ta koma rabi ta yarda aka yi maganar ɗanta.

Da za su tafi, Tajuddeen ya bi su da 'yar tsarabar gyaɗa. Barista ta ce ya mayar, ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga motar. Yana juyawa ya ji Idris na magana ƙasa-ƙasa.

“Rut, ki yi tunani. In kika ce a sake shi, gobe aka gan shi a daji, sunanki za a kira.”

“In na bar shi ciki kuma ba shi da laihi, sunan wa za a kira?”

“Ba na kowa ba.”

“To shi ya sa sunka yi yawa,” in ji ta, ta ja ƙofar mota.

Abin da ya ci kusan shekara, a kotu bai kai shan shayi ba. Barista Rut ta miƙe ta ce gwamnati ba ta ga abin da za ta riƙe ba, ta janye tuhuma. Alƙali ya rubuta, ya ce an sallami Mas'udu. Tajuddeen ya yi kabbara da ƙarfi har ɗan sandan kotu ya harare shi. Ya nemi Barista ya yi godiya, ta amsa a tsaye, ta ce su gaida Gwaggo, ta koma ciki don akwai wasu a layi.

Farin ciki ya cika Tajuddeen har yana jin kamar ya taka rawa a titi. Duk hanyar zuwa tasha bakinsa bai rufu ba. Ya tanadi tsokana ta wata da watanni, yanzu ya kwance bakin buhu. Ya ce gwamnati ta yi masa kiwon bawa kyauta amma ba ta iya kiwo ba. Ya ce aski ya yi kyau, a ba shi sunan wanzamin. Mas'udu yana biye da shi a baya, riƙe da 'yar ledar kayansa, yana cewa “To” da “Haka ne.” Tajuddeen ya ɗauka fushi ne, ya ce a ransa kafin su kai Bungudu zai sauko.

Tasha ta cika, fasinjoji na turereniya a bakin wata mota. Wani ɗan kamasho mai ƙatuwar murya ya fusata, ya buga bayan motar da tafin hannu, ya daka tsawa.

“Kai! Kowa ya shiga layi!”

Tajuddeen ya waiga zai ce wa Mas'udu su matsa gaba, bai gan shi a tsaye ba. Yana ƙasa a tsugune, a tsakiyar mutane, ya ajiye leda a gabansa, ya ɗora hannu biyu a ka, ya sunkuyar da kai yana jira a ƙirga shi kamar yadda ake yi musu a gidan yari. Wata mai tallan ruwa ta tsaya tana kallo. Wasu samari suka fara taɓa juna.

Da a bara ne, wannan kaɗai ya ishi Tajuddeen abin tsokana har tsufa. Ya buɗe baki, abin da ya taso masa kuka ne, ya haɗiye shi da ƙyar. Sai ya tattare babbar rigarsa, wadda Wasila ta goge, ya tsuguna a cikin ƙurar tasha kafaɗa da kafaɗa da Mas'udu, ya sa hannu a hankali ya sauke masa hannayen daga ka.

“Zamna abinka, ɗan Gwaggo,” ya ce. “Ni ma na gaji. In wagga ta cika mu hau ta baya.”