Kututturen Aduwa

Inusa ya durƙusa ya ci gaba da tone rairayin da hannu. Ruwan ƙarshen damina ya zaizaye bakin gonar, wani baƙin abu ya leƙo. Bai gama tonewa ba ya gane shi. Kututturen aduwar nan ne da ubansa da uban abokinsa Ɗanjuma suka sa iyaka tsakanin gonakinsu. Ya miƙe ya auna da ƙafa. Taki huɗu. Taki huɗu na gonar Ɗanjuma ya cinye, shi da ya yi ta rantsuwa.

Ranar shuka aka yi rigimar, a gaban mutane. Ɗanjuma ya ce, "Haba Inusa, iyaka tana can, wajen aduwa." Shi kuwa ya ɗaga hannu sama ya ce, "In dai bakin tsoho yana kamawa, Allah ya hana ka cin geron bana."

Yau kwana tara ke nan da Ɗanjuma ya faɗi a ƙofar masallaci. Gefe ɗaya ya shanye, baki ya karkace. Gero ya nuna a gona, mai shi yana kwance a asibitin Madarunfa. Duk unguwa ta je dubiya, ban da Inusa.

Ya mayar da rairayi kan kututturen, ya taka. Ya yi tafiya kaɗan ya tsaya. Ya dawo ya sake tone shi, ya bar shi a fili. Sannan ya zaro wuƙa ya yanki zangarniya biyar a cikin takin nan huɗu, ya nufi gida.

"Zahara'u, dama mini kunu da wannan. Kada ki haɗa da namu."

Matarsa ta dubi geron, ta dube shi. "Malam, rumbu cike, sai ɗanyen gero?"

"Na tambaye ki shawara?"

Bayan azahar ya isa asibiti da kwanon a hannu. A bakin ɗakin ya ci karo da majo, babban ma'aikacin jinya, wanda labarin ya riga ya kai masa.

"Baba, tansiyon ce, hawan jini, ta kayar da shi. Shekara uku ina binsa ya sha magani. Ba bakinka ba ne."

"Kai ka san allura," in ji Inusa. "Ni na san abin da na faɗa."

Delu, matar Ɗanjuma, tana zaune kan tabarma tana kore ƙuda. Ba ta tashi ba.

"Malam Inusa, yau hanya ta ɓace maka ne?"

"Yaya mai jiki?"

"Ga shi nan, kana gani. Tun jiya ko ruwa ba ya karɓa." Ta gyara mayafi. "Ka san tun ranar shuka ba ya shafa addu'a sai ya sa sunanka? Na ce masa, mutumin da ya yi maka baki? Ya ce Inusa zafin kai gare shi, ba mugun ciki ba, kada Allah ya kama shi da maganar rana ɗaya."

Inusa ya wuce ta zuwa wajen gadon. Gara a ce zaginsa aka yi ta yi. Ya zauna bakin gadon, kwanon a hannunsa. Ɗanjuma ya juyo da ido ɗaya ya kafe shi.

"Na ga aduwar," in ji Inusa. "Tana inda ka ce."

Gefen bakin Ɗanjuma mai rai ya ɗan motsa.

"Kada ka yi mini dariya, tsohon banza. Buɗe bakinka. Geronka ne, na bana, daga wurin da na ci maka."

Ya ɗebo da ludayi, ya hura, ya yi bismilla. Na farko ya zube kan haɓa. Ya goge da hannun rigarsa. Na biyu ma haka. Delu ta ce a bari, ya yi kamar bai ji ba.

"Allah, na janye," ya faɗa can ƙasa. "Ni na faɗa, ni na janye. Sha, Ɗanjuma. Don Allah."

Ya kai na uku. Idonsa ba ya kan fuskar abokinsa, yana kan maƙogwaronsa. Shiru. Can sai ya ga ya yi sama, ya dawo.

Inusa ya ajiye ludayin.

"Delu, kin gani? Ke ce shaida. Ya ci."

"Na gani."

Ya miƙa mata kwanon ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Gobe zan shiga girbinsa. Nawa ya jira."