Shirun da Ya Ƙera da Hannunsa

Aikin injiniyan a kamfanin waya shi ne ya sa murya ta isa lafiya ko da layi na rawa. Dabararsa: sauti mai ƙarfi a aika shi sau biyu, mai rauni kuwa in ya faɗi a hanya a cike gurbinsa da shiru. Da muryoyin abokan aikinsa ya gwada, ƙarti masu ƙoshin lafiya, aka yi ta tafa masa.

Yana ɗakin gwaji da rana tsaka mahaifiyarsa ta kira. Asma gare ta, in ta tashi sai raɗa.

"Inna? Kina ina?"

Shiru sumul, ko haki babu. Ya san aikin hannunsa ne.

"Inna, ɗaga murya, don Allah!"

Mai neman numfashi ina ta ga murya? Ya fito titi a guje, bai san inda zai dosa ba, gida ko shagon ɗinkinta.

"In kina shago, ƙwanƙwasa wayar da zobenki!"

Ƙwas, ƙwas. Wannan kam ya iso garau.

Ya faɗa tasi yana roƙon direba. "Kar ki daina bugawa, Inna, ga ni nan!"

Suna tsaye a danja, fitila ta yi ja, bugun ya ɗauke, layin kuwa bai yanke ba. Ya danna wayar a kunne har ya yi zafi, yana neman numfashinta, abin da shi da kansa ya koya wa na'urar ta zubar.